Shagon buga kundin ɗalibai na kusa da jami'ar Tawa

Duk wanda ke da yaro a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, kuma ranar kare kundinsa ta ƙarato, ina ba shi shawara ya nemi shagon fotokofi na wani matashi da ke bakin titi, daura da inda ƴan kabu-kabu ke jiran ɗalibai. Ɗaki ne guda, kwamfuta uku, babban injin fotokofi, ƙarami na launi, sai na ɗinke takarda. A rufin akwai faifan hasken rana, saboda haka ko kuran ya ɗauke, kwamfuta da ƙaramin injin ba sa tsayawa.

Kuɗinsa na kowa ne: dala biyar kowane shafi baƙi da fari, ɗinki da bango dala ɗari. Na launi kam ya yi tsada, dala arba'in shafi, kuma ba ya ragi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ya karɓi aikin ɗiyata. Ta gama istaj ɗinta, ta rubuta rahoto, muka kai a kile (USB) don a fitar mana da kofi huɗu. Sai da ya bi shi shafi-shafi kafin ya taɓa injin. Ya daidaita lambobin shafuka, ya gyara jerin babuka, ya mayar da tambarin makaranta inda ya dace a bango. Da ya kai wani teburin lissafi sai ya tsaya ya ce, "Baba, ku yi mini haƙuri, ba zan buga ba sai ta duba nan. Jimillar ba ta tashi daidai ba, kuma nan malamai za su fara kai ido." Ta duba, haka ne kuwa. Bai ƙara ko dala a kan gyaran ba.

Ya san aikin ne don shi ma ta nan ya bi. Yana cikin waɗanda suka yi shekara biyu a IUT ta Tawa, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'a, bayan bak (jarrabawar kammala sakandare), suka fita da takardar DUT, diflomar da cibiyar ke bayarwa, a fannin kwamfuta da gudanarwa. Ƙanana ba su san cewa wannan IUT ce uwar jami'ar ba. A 2008 ta fara karɓar ɗalibai, tare da takwarorinta na Maraɗi da Damagaram, dukansu ƙarƙashin jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Maraɗi ta ɗauki gine-gine, lantarki da kanikanci, Tawa kuma aka ba ta gudanar da kamfanoni, kasuwanci da harkar otal. A 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, ukun suka zama jami'o'i masu cin gashin kansu. Tawa ta samu tsangayar shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, daga baya ta ilimin koyarwa, har aka raɗa mata sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin Adar da Abzin.

Mu da muka koyar a ƙauyukan Adar mun san abin da wannan ke nufi. A da, yaro in ya ci bak sai Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Wanda iyayensa ba su da halin riƙe shi can, sai ya bi ƴan uwansa bida, Abijan ko Libiya. Yau ga ɗan gari zaune a garinsu da sana'ar da ya koya a nan, har yana biyan yara biyu albashi. Wannan na faranta mini rai ƙwarai.

Inda ya gaza, shagon ya yi masa kaɗan. Lokacin kare kundi mutane har waje, benci ɗaya ne, ba rumfa, kuma zafin Tawa ba a faɗa wa kowa. Da hunturu ƙura na shiga babban injin, sai ka ga siririn layi a gefen takarda, don haka a duba kowane kofi kafin a ɗinke. Ɗinkin roba mai zobba ba ya jure kundi mai kauri, gara a ƙara kuɗi a yi na manne.

A je da sassafe, a kai aikin a PDF tare da wanda ake iya gyarawa, kuma a ba shi kwana biyu kafin ranar miƙawa. Ran Juma'a yana rufewa tun kafin masallaci, sai bayan la'asar.