Sauya salansa ko saita inji: wanne ke ƙara wa Corolla ƙarfi?

Wani ɗan'uwa daga Garwa ya ce Corollarsa mai injin 4A-FE, lita 1.6, tana nishi a hawan dutsen hanyar Ngaundere. Yana tambaya: ya yanke salansa ya sa bututu mai faɗi, ko ya kai a saita masa inji?

Malam, salansa ita ke ruɗin mutane, domin da zarar mai walda ya cire tukunyar baya mota ta fara ruri, sai direba ya ji kamar ta ƙara gudu. Kunne ne kawai ya ji. Ƙaramin inji marar turbo yana son hayaƙi ya fita da sauri, saurin nan ne ke taimakawa wajen zuƙo sauran hayaƙi daga silinda. In ka sa bututun milimita 63, hayaƙin sai ya yi sanyin tafiya, ƙarfin jan motar a ƙananan juyi ya ragu, wato daidai ƙarfin da kake nema a hawa da kaya. Milimita 50 ya ishi wannan injin. Ga kuma matsalar walda: in aka bar ɗan rami kafin na'urar da ke sansanar hayaƙi, iska ta shiga, kwamfutar motar za ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara zubawa. Filogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa ƙarewa.

Wuri ɗaya salansa ke da laifi da gaske, in katalis, wato tukunyar da ke tace gubar hayaƙi, ya toshe ko ya farfashe a ciki. Alamarsa: mota na tashi lafiya, amma ka taka totur ta ƙi wuce wani gudu, ƙasan kujera ya ɗau zafi.

Saitin inji kuwa dawo da ƙarfin da ya zube ne, kuma a tsohuwar mota shi ne mai yawa. A fara auna matsin kowace silinda: ƙasa da kilo 10 a kan santimita murabba'i, ko bambancin da ya wuce kilo 1 tsakaninsu, to zobban fistin ko bawul sun gaji, babu saitin da zai yi magani. In matsi na nan, a sauya matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa tun kafin lokacinta, da matatar mai, musamman ga mai shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya. A wanke nozul, a sa sababbin filogi. Sannan lokacin wuta, wato lokacin da filogi ke ba da wuta: a haɗa ramukan waya da aka rubuta wa TE1 da E1 a akwatin gwaji na motar, a saita digiri 10 da fitilar saiti, ba da kunne ba.

Wasu makanikai kan murɗa distributa gaba don mota ta yi zafin nama. A zafin Afrilu na Garwa, sama da digiri 40, da man da ba ka san ingancinsa ba, injin zai fara ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar, cin fistin take yi.

Sake rubuta kwamfutar mota da kake ji, na irin Hilux D-4D ne mai turbo. Kwamfutar 4A-FE ba ta karɓar wannan aikin, kada a karɓe maka kuɗi a kansa.