Sharhi: Tsohon Seiko 5 mai inji 7009, tsufansa da darajarsa

Mun yi amfani da wannan agogo a zafin Maraɗi da ƙurar hunturu, kuma ya cancanci yabo. Injin 7009 mai duwatsu 17 (ƙananan duwatsun da ke rage gogayya a cikin inji) yana ɗaure kansa da motsin hannu, idan ya cika yakan yi kusan awa 40 a ajiye. Aibinsa, ba a iya ɗaure shi da kan agogo (ɗan maɓallin gefe da ake saita lokaci da shi), sai an girgiza.

Shekarunsa na rubuce a murfin baya: a lambar siriyal ɗinsa, ta farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake ɓata tsofaffin agogo da sunan gyara. Fuskar da rana ta mayar ruwan madara bai ɗaya, ko baƙar da ta koma ruwan ƙasa, ba lalacewa ba ce. A agogunan Omega Speedmaster da Rolex Submariner masu tara tsofaffin agogo har ƙarin kuɗi suke biya saboda ita. A Seiko 5 ba ta ɗaga farashi sosai, amma tana nuna fuskar ta asali ce. Da zarar an sake mata fenti, darajar ta zube. Irin waɗanda ake sake wa fenti a Indiya suna da yawa: launi mai ƙyalli, rubutu kuma ya yi kauri ko ya karkace.

Tabo baƙi-baƙi a kan alluran da tsatsa a gefen fuska kuwa aikin ruwa ne. Yawanci wajen alwala yake shiga ta kan agogo, domin zafi ya busar da robar da ke tare shi. In kun ga raɓa a cikin gilashi, a buɗe shi a ranar.

Wajen mai gyara a Babbar Kasuwa, a nemi ya warware injin gaba ɗaya, ya wanke, ya sa sabon mai, ya canza robar murfi da ta kan agogo, duk shekara 4 zuwa 5. Gilashin roba mai ƙarce man goge baki da tsumma mai laushi sun ishe shi. Jikin ƙarfen dai kada a kai shi injin goga, domin yana cinye kusurwoyin, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa.