Dutsen Hancin Giwa: a hau shi ko a kalle shi daga bakin ruwa?

A birnin Guilin na kudancin Sin, daidai inda kogin Taohua ya haɗu da kogin Li, akwai wani dutsen farar ƙasa da ruwa ya rarake har ya zama kamar giwa ta zura hanci tana shan ruwa. Mai ziyara yana da zaɓi biyu.

Na farko, ka tsaya a bakin kogi. Daga nan ne kawai za ka ga giwar sosai: hanci, ƙafa, da kogon da ke tsakaninsu, wanda inuwarsa a ruwa take kama da cikakken wata. Matsalar ita ce cunkoso, kowa da wayarsa a sama, sai ka yi haƙuri kafin ka samu gurbin ɗaukar hoto.

Na biyu, ka bi matakala ka hau. A ƙoli akwai tsohuwar hasumiyar bulo tun zamanin daular Ming, ga gari da tsaunuka shimfiɗe a gabanka. Sai dai da ka hau bayan giwa, giwa ta ɓace maka.

Ni dai, in lokaci ya ƙure, bakin ruwa zan tsaya, da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.