Ofishin da ya taimaka mini na shirya Umara da kaina

Tun da Saudiyya ta janye sharaɗin gwajin korona da killace baƙi a watan Maris na 2022, mutane da dama a Katsina suka fara sha'awar zuwa Umara ba tare da shiga ayari ba, kuma da wannan niyya na je wani ƙaramin ofishin tafiye-tafiye da ke kusa da Ƙofar Ƙaura. Abin da ya fi burge ni shi ne, biza kawai suka nema mini, ba su matsa sai na damƙa musu tafiyar gaba ɗaya ba. Ma'aikacin ya karɓi wayata ya sauke manhajar Nusuk, wadda Saudiyya ta tanada domin masu aikin Hajji da Umara, ya nuna mini inda ake neman izinin shiga Rauda a Madina, sannan ya ba ni shawarar in sayi tikitin jirgin ƙasa na Haramain, mai zirga-zirga tsakanin Makka da Madina, tun ina gida, domin kujeru kan yi wuya da azumi. Ya kuma tuna mini da katin rigakafin cutar shawara, wanda janye dokokin korona bai shafa ba.

Inda suka gaza shi ne masauki, domin otal ɗin da suka ce yana kusa da Harami ba ya zuwuwa sai da mota. Duk mai zuwa wurinsu ya duba nisan a taswira kafin ya biya.