Buhun yashi ko jeren dutse a hanyar dandali?

Idan ruwan Agusta ya fara zaizaye hanyar dandali a Damagaram, 'yan gayya sukan tare shi da buhun yashi ko da dutse. Buhu ya fi sauri: a cika kashi biyu cikin uku, a jera kamar tubali, a tattake. Amma rana tana cinye ledar, kafin wata damana ya fashe.

Dutse ya fi, ga shi birjik a kewayen gari, sai dai kuɗin amalanke. A haƙa gurbi mai zurfin santimita 10 a gicciyen gangare, manya a ƙasa, ƙanana su toshe kafofi. In an bar kafa, ta nan ruwa zai rarake gindin jeren ya zubar da shi.