Layin Rula da Layin Lissafi: Wanne Za a Amince Wa?

Ɗan'uwa, ka tambaya: in an zuba alƙaluma masu tafiya bibbiyu a takardar giraf, a ɗora rula a ja layi da ido ya isa, ko sai an yi lissafi? Bari mu gwada duka biyun a kan abu guda.

A ce gonaki biyar ne masu girma ɗaya. Buhunan takin da aka zuba: 1, 2, 3, 4, 5. Buhunan masarar da aka samu: 8, 12, 13, 16, 16. Alƙaluman na gwaji ne kawai. Taki a layin kwance, masara a na tsaye, ka sami ɗigo biyar.

Mai rula yana da sauri, amma ga inda ɗalibai suke faɗawa: sai su haɗa ɗigon farko da na ƙarshe, su ce an gama. Layin da zai fito shi ne masara = 6 + 2 × taki. Duba takardar da kyau, ɗigo ukun tsakiya duk sun hau samansa, babu ko ɗaya a ƙasa. Maganinsa ka fara fitar da matsakaici: na taki 3, na masara 13, ka tabbata layinka ya ratsa ta mahaɗarsu. Duk da haka, in ka ba mutum biyu rula, da wuya karkatar layinsu ta zo ɗaya.

Shi kuwa lissafi, amsa ɗaya yake bai wa kowa. Bafaranshe Legendre ne ya fara wallafa hanyar a 1805, sannan Gauss na Jamus ya fitar da tasa a 1809, yana cewa tun 1795 yake aiki da ita. Ana auna tazarar tsaye daga kowane ɗigo zuwa layi, a ninka ta da kanta, a tara. Layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne gwani.

Cire 3 daga kowane taki: -2, -1, 0, 1, 2. Cire 13 daga kowace masara: -5, -1, 0, 3, 3. Ninka su bibbiyu ka tara, 20 ke nan. Ninka na takin da kansu ka tara, 10. Raba 20 da 10, ka sami 2, karkatar layin ke nan: kowane ƙarin buhun taki na tafe da buhu biyu na masara. Cire 2 × 3 daga 13, saura 7. Layin ya zama masara = 7 + 2 × taki. Jimillar tazararsa 4 ce, ta layin ɗigon farko da na ƙarshe kuwa 9.

Don haka a rahoto, ko aikin da wani zai bincika, lissafi ya fi. Sai dai shi lissafi makaho ne, abin da ka miƙa masa yake karɓa. Hannu ya zame ka rubuta 61 a maimakon 16 ta ƙarshe, nan take karkatar ta tashi daga 2 zuwa 11, kwamfuta ba za ta ce maka uffan ba. A takarda kuwa ɗigon zai tsaya shi kaɗai can sama, ko yaro ya gane shi. Haka nan gonaki biyun ƙarshe duk 16 suka bayar, alamar amfanin takin ya fara tsayawa, amma in ka tambayi layin taki buhu 10, sai ya ce maka masara 27 ba ko kunya.

Shi ya sa ni dai zane nake sa ɗalibi ya fara yi, lissafi ya biyo baya. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya shirya rukunin alƙaluma huɗu, kowanne da ɗigo 11, dukkansu suna ba da kusan layi ɗaya, y = 3 + 0.5x (x a layin kwance, y a na tsaye). Da aka zana su, ɗaya ne kaɗai ya dace da layin. Wani lanƙwasa ne, wani ɗigo guda ne ya karkatar da shi, wani kuma ɗigo goma ne jere a tsaye kan x = 8, na sha ɗayan yana can a 19.