Kafin ka biya kuɗin laftof ta hannu a Bauchi, leƙa cikin faifanta

Mai shago zai shafa murfin ya ce maka, "Alhaji, 500 gig ce, sai ka gaji da zuba kaya." Kada ka yi musu, ka ce a kunna ta. In ka buɗe This PC, wato wurin da Windows ke nuna faifan da girmansa, ka ga 465GB maimakon 500, ba cuta ba ce. Masu ƙera faifai da 1000 suke lissafi, Windows kuwa da 1024. Shi ya sa 256 ke komawa 238, 128 ta koma 119, 1TB kuma 931.

Inda ake shan mutane shi ne rabon faifan. Bara ƙanena mai karatu a Yelwa ya sayo wata, wata biyu kacal layin C, wato yankin faifan da Windows ke zaune, ya cika ya yi ja wur, komai ya tsaya cak. Da na duba, ashe wanda ya zuba mata Windows 60GB kawai ya yanka wa C, ragowar sama da 400GB na nan zaune ba a ba shi harafi ba, kamar ɗakin da aka gina aka manta ƙofa. To, tun a shagon ka danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. Kowane yanki zai fito da girmansa da abin da ya rage. Mai shuɗin kai yana aiki, mai baƙin kai ba a taɓa shi ba. Ƙananan yankunan nan na 100MB ko 500MB na Windows ne, kada wani gwani ya goge maka su.

Sai zaɓi. A shagunan wajen Wunti yawanci biyu za a ajiye maka: HDD mai 500GB ko SSD mai 256GB. HDD faifai ne mai juyawa, akwai fili amma akwai nawa, kuma ba ya son jijjiga. Wanda ke hawa acaɓa da jaka a baya kullum ya yi tunani. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, kafin ka gyara zama ta gama tashi. Ni dai ga ɗalibi ko mai aikin ofis, 256GB ɗin nan na SSD nake ɗauka. Mai haɗa bidiyon biki ne zai ji ƙunci, shi ma gara ya ƙara da faifan waje.

128GB fa? Tana yi, amma Windows 11 kaɗai 64GB take nema kafin ta yarda ta sauka, ka ga sai da lallaɓawa.

Wadda zan ce ka bari ita ce ƙaramar nan mai sheƙi da aka rubuta wa eMMC 32GB ko 64GB. A jikin allon da ke cikin na'urar (motherboard) aka liƙe ajiyarta, ba a cirewa. In kana shakkar abin da ke ciki, buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna aikin na'urar, ka shiga Performance, kusa da Disk zai rubuta maka SSD ne ko HDD.